Azumin Da Baba Saje Ya Ƙi Cikawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Wurno, zuwa ga ɗana Bello.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da mutanen gidan da suka sauke ka a Kano. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa abin da ka fita nema ya zame maka alheri. Innarka tana gaishe ka. Labarin gida kuwa za ka ji shi a waya, ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Wata magana nake so in janye. Ranar da na raka ka tasha ka tambaye ni ko na karanta labarin fim ɗin da ka rubuta, wanda za ku fara ɗauka bayan Sallah, na ce maka na karanta, ya yi kyau. Na karanta kam, har sau biyu, kuma Hausarka ta yi mini daɗi ƙwarai. Amma akwai wurin da bai yi kyau ba, na ga kana murna, direba yana ta kiran fasinja, sai na haɗiye. A shafi na goma sha huɗu sojanka yana gadin hanya ya harbi makiyayi, yana zaton bindiga ce a kafaɗarsa, aka duba aka ga sanda ce. A shafi na goma sha biyar yana shan shayi yana ba'a da abokansa, kuma har fim ya ƙare ba a sake ambaton makiyayin ba. Ka taɓa gaya mini cewa da ka rubuta damuwar da sojan ya shiga, darakta ne ya ce a cire, wai 'yan kallo ba su son soja mai sanyin jiki. Na san wannan magana tun ba a haife ka ba, domin ni ma na yi mata biyayya. Ka saurara ka ji inda ta kai ni.

Ka san Gandi aka fara tura ni koyarwa, ina saurayi, ban auri innarka ba. Abin da ba ka sani sosai ba shi ne aikin da nake yi ran kasuwa. Akwai wani mutum, Shehu Mai-inji, yana da janareto da talabijin da bidiyo da wani babban zaure. Da an yi azahar sai a toshe tagogi da tabarmi da barguna, wuri ya yi duhu da rana tsaka. Manoman da suka sayar da gero su shigo, Fulani su jingine sandunansu a bakin ƙofa su zauna a gaba, masu albasa da ke jiran mota ta cika su tsaya a baya suna leƙen waje. Zaure ya ɗauki warin fetur da zufa da ƙuli-ƙuli. Finafinan duk na Turanci ne, ni kuwa malamin Turanci, sai Shehu ya roƙe ni in riƙa tsayawa gefen talabijin ina fassarawa. Rula ta aji nake riƙewa ina nuna fuskoki. Na raɗa wa 'yan wasan sunaye, ƙaton kwamanda ya zama Sarkin Pawa, wani siriri ya zama Dogo na Tursa, har mutane suka riƙa tambayar Shehu ko yau akwai Dogo. Gari duka ya daina kira na Malam Usmanu, sai Tafinta. Ba zan ɓoye maka ba, kwanaki ne masu daɗi. Har yau in na ji ƙarar ƙaramin inji sai in ji kamar in gyara murya.

Fim ɗin yaƙi shi ke cika zaure. Matsalarsa ɗaya: in bindiga ta yi shiru, sojoji suka zauna suna magana, sai a fara cewa Shehu ya tura gaba, an zo wurin surutu. Shehu ba ya son turawa don kaset ɗin yakan cije, sai ya ce mini in san dabarar da zan riƙe masa mutane. Dabarar da na samo ita ce in bar abin da ake faɗa in ƙirƙiro nawa. Soja na maganar uwarsa, in ce yana tambayar wa ya cinye masa tuwo. A yi ta dariya har harbi ya dawo.

A can baya, kusa da ƙofa, akwai wani dattijo da ba ya fashi. Tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa. Ya yi ritaya ya dawo gida yana noman gero da wake. An san shi da abu biyu, ƙarancin magana da yawan azumi. Ko da zafin bazara sai ka gan shi leɓe a bushe yana gyaran gona, mutane suna cewa soja ya tafi, waliyyi ya dawo.

Wata ranar kasuwa aka sa wani fim. Wani matashin soja ya harbi abokin gaba, can gaba aka nuno shi zaune a rami yana yi wa abokinsa magana a hankali, idonsa a ƙasa. Na ji abin da ya ce sarai. Cewa ya yi mutumin ya riga ya ɗaga hannuwa sama, ya gani da idonsa, amma yatsansa ya riga shi. Zaure ya fara motsi, na ga Shehu ya kalle ni. Sai na buga rula a gefen talabijin na ce soja ya ce wannan ɗaya ke nan, a ɗora masa shayi kafin ya kawo na biyu. Aka fashe da dariya. Dariya na lafawa sai murya ta taso daga baya, ba da ƙarfi ba.

"Malam, ba hakanan yac ce ba."

Na manta cewa wanda ya yi shekaru a bariki yana jin Turanci. Wani mai albasa ya ce, to Saje zo ka karɓi rular mana. Aka sake dariya, ni ma na yi. Baba Saje ya tashi ya ɗaga tabarmar ƙofa ya fita, ya bar sandarsa a jingine.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba sau ɗaya na yi shi ba, shekara uku na yi ina yi. Waɗanda suka shirya finafinan nan sun sha wahala sun sa wa sojojinsu zuciya, ni kuma na tsaya tsakaninsu da mutanena ina cire ta. Samarin da suka yi kallo a zauren nan sun tashi suna zaton mai bindiga ba ya jin komi. Waɗansu ɗalibaina ne, waɗansunsu sun shiga soja. Bello, aikin da ka shiga aikin tafinta ne, ko da Hausa kake rubutawa. Mutumin ƙauyen Sisawa da zai kalli fim ɗinka a waya bai taɓa shiga zuciyar soja ba, abin da ka gaya masa shi zai ɗauka. Kuma maganar cewa 'yan kallo ba su so, ban taɓa gwada su ba. Tsoron ihun mutum biyar ya hana ni in ga ko sauran za su yi shiru su saurara.

Washegari da aka tashi makaranta na kai masa sandar. Na iske shi gindin wata tsamiya a ƙofar gida yana gyara ƙotar hauya. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙuri irin na wanda bai san girman laifinsa ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, shi bai sha ba. Ya ci gaba da aikinsa. Sa'annan ya fara magana, kamar da ƙotar yake yi.

Ya ce an taɓa kai su wata ƙasa ta bakin teku aikin raba faɗa. Wata safiya ana ruwan sama yana tsaron shinge, sai ga wani mutum tafe da sauri da ƙunshi rungume a ƙirji, yana ta magana da yarensu. Ya ce masa ya tsaya da Turanci, ya ce masa da Hausa, mutumin bai tsaya ba. Kwana biyu kafin nan an kashe musu mutum a wani shinge, kowa a tsorace yake. Ya harba. Da suka buɗe ƙunshin, kifi ne a naɗe da ganye, talla ya kawo musu, ruwa yake gudu. Ya ce mutumin ya yi kalmar shahada irin tamu kafin ya cika, amma ko da bai yi ba, rai ne.

Ka san abin da ubanka ya yi? Ban bari ya rufe baki ba na ce ai Baba ba laifinka ba ne, aiki aka sa ka, Allah Ya san zuciyarka. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce hafsansu ya gaya masa haka tun a ranar, limamin bariki ma ya gaya masa, ba ya neman na uku.

"Dut kun iya wanke ni," in ji shi. "Ba wanda yat taɓa tambaya ta ko mutumen na da ɗiya."

Daga nan ne na gane azuminsa. Wani malami ya gaya masa kaffarar kisan kuskure azumin wata biyu ne a jere, in an sha rana ɗaya babu uzuri sai a koma farko. Ya ɗauka. Ya ce sau da yawa yana kai kwana hamsin da tara. In azahar ta ranar ta yi, sai ya ɗauki moɗa ya sha ruwa da gangan. Ya huta 'yan watanni, ya sake farawa daga ɗaya. Ni da ɗan karatuna na ce masa wannan wasa da ibada ne, bai halatta ba. Ya ce ya sani, an gaya masa.

"In niƙ ƙare, an ruhe maganatai ke nan. To wa ka tuna mai kifin?"

Kada ka ɗauka ina cewa daidai ya yi. Malamanmu za su ce ya cika azuminsa ya kyautata zato ga Ubangijinsa, kuma gaskiyarsu. Kuskurena shi ne gaggawa. Mutum ya ɗauki shekaru kafin ya buɗe baki, ni na so in rufe masa shi cikin minti ɗaya, da lallashi sa'annan da hukunci, don nauyin maganar ya dame ni. Kada ka yi wa sojanka haka. In ka mayar da abin da aka cire, kada ka kawo wani kwamanda ko liman ya dafa kafaɗarsa da jimla biyu, a buga kiɗa mai sanyi, a wuce. Wannan ma cirewa ce, sai dai ta fi ladabi.

Tun da na yi ritaya na sake kallon finafinan yaƙi da yawa a kwamfutar da ka bar mini, wannan karon bakina a rufe. Na Turawa sukan nuna nadama da kwalbar giya, da firgita cikin barci, da zama gaban likita ana kuka. Wataƙila haka suke, ban sani ba. In ka kwafo wannan ka ɗora wa ɗan Rabah, babu wanda zai gane shi. Namu mutum ba ya kuka a gaban jama'a, ba ya cewa zuciyata ta karye. Sai dai ka ga ya daina cin kifi. Ka ga yana rigan kowa zuwa jana'izar wanda bai sani ba, ko yana azumi har a ɗauke shi waliyyi. Ka nemi irin wannan a cikin mutanenka. Akwai kuma abin da na lura har finafinan da suka fi kyau suna yi: suna zama da wanda ya yi harbin har ka tausaya masa, wanda aka harba kuwa ko suna ba shi da shi. Makiyayinka yana da ruga. Akwai wadda ta dama fura tana jiransa, akwai shanun da suka koma gida ba shi. Ka ba shi suna, ka bar sojanka ya ji sunan.

Yanzu ga wanda ya fi mini ciwo. Labarin Baba Saje ya cika mini ciki, na ga kamar na tsinci wani babban darasi. Bai ce in ɓoye ba, don bai zaci akwai bukatar ya faɗa ba. Na ba abokan aikina biyu labarin a ofishin malamai, da kyakkyawar niyya, ina cewa ku ji irin mutanen da muke zaune da su. Kafin kasuwa biyu ta ci, magana ta zaga gari. Waɗanda ke cewa waliyyi suka koma cewa ashe jini ne a hannunsa. Masu ba'a a rumfar mahauta suka sa masa Saje Saura-ɗaya, in ya wuce su tambaye shi yau kwana nawa. Bai ce mini komi ba. Mun haɗu a masallaci ya ba ni hannu kamar kullum. Bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya koma Goronyo wurin dangin matarsa, ya bar gonar da ya gada.

Ni ma ban daɗe ba aka dawo da ni Wurno. Ka san tsakaninmu da Goronyo ba wata tafiya ba ce. Na sha kai ɗalibai kallon madatsar ruwa, in wuce ta bakin unguwarsu, in ce wa kaina sai na zo ni kaɗai. Na yi fiye da shekara ashirin ina wannan. Da ya rasu, ko ta'aziyya saƙo na aika.

Aikinku aikin kwasar labaran mutane ne, ɗana. Za ka zauna da sojoji su gaya maka abin da ba su gaya wa matansu ba, don ka iya sauraro, ka fi ni. Abin da aka gaya maka gindin itace amana ne ko ba a ce ba. Ka nemi izini, ka sauya suna da gari. In kuma ka yi wa mutum laifi, ka tafi a makon. Kunya ba ta raguwa da jira, ni na gwada.

Za ka ce to mi ya sa nake ba ka labarinsa yanzu. Ba zan maimaita kuskure ɗaya sau biyu ba. Bayan tafiyarka da kwana huɗu na shiga mota zuwa Goronyo. Innarka ba ta so ba, ka san yadda hanyoyinmu suka zama. A wani shinge wani soja ya leƙo ya ce ina wuni Malam, ashe ɗalibina ne, na koya masa a aji biyar. Ya rame, idonsa ja don rashin barci. Na yi masa addu'a, na ce a raina shi ma zai kalli fim ɗin Bello. Ba ina so ka ɓata su ba ne. Su ke tsaye a rana don mu kai albasa kasuwa. Ina so in ya kalla ya ga mutum irinsa, mai tsoro da kuskure da zuciya.

Na iske matar Baba Saje, Inna Hajo, tana nan da ranta, ta tsufa, tana tsintar wake a faifai. Na faɗi sunana ba ta gane ba, sai da na ce Tafinta. Ta yi dariya har ta aje faifan. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, tun daga ofishin malamai har tashinsu daga Gandi. Ta ce ai sun san ni ne tun a lokacin. Ta ce ita ta yi fushi shekaru, shi kuwa cewa yake Malam yaro ne sa'annan, bakinsa ya fi shi sauri. Wai ko a Goronyo yakan je gidan kallo, ya dawo yana cewa tafintansu bai kama ƙafar na Gandi ba, ko ƙarya bai iya ba. Ban san lokacin da na sa hannun riga a ido ba.

Na tambaye ta ko ya cika azumin kafin ya rasu. Ta ce bai cika ba, yana cikin wani ne ciwon ajali ya kama shi. Sa'annan ta ce mini, duk ranar hamsin da tara ita ke cika moɗar ta aje kusa da shi tun hantsi, ta koma ɗaki don kada ya ji kunyarta. Sahur ɗin duk waɗannan shekaru ita ta dafa. Bai taɓa roƙonta ba, ba ta taɓa tambayarsa ba. Ka ji, ni da na ɗauka na san labarin, ashe rabinsa na sani. In za ka rubuta soja mai ɗauke da irin wannan kaya, ka duba wa ke tashi ya dafa masa.

Na gaya mata aikinka, na ce ina neman izini in ba ka labarin, ko zai taimake ka ka gyara naka. Ta ɗauki faifan tana juya wake. Ta ce in ba ka, amma sunan Saje na yanka kada ya fito, shi ya sa ba ka gan shi a takardar nan ba. Ta ƙara da sharaɗi.

"Ka ce ma yaron kar su sa shi kuka. Ban taɓa ganin hawayenai ba. Kuma in sun ƙare a kawo min in gani, ko cikin waya ne. Idona ɗaya na da sauran gani."

Na ce mata za a kawo. Na yi alkawari da bakinka ba tare da na tambaye ka ba, ka yafe mini wannan. Ban san irin ƙarfin da kake da shi gaban darakta ba, kai sabon shiga ne, kuma na san kana tsoron a ce ɗan ƙauye ya zo da gardama. Ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ka karanta masa shafukan da ka cire bayan ka gyara su, ka roƙe shi ya ɗauka ya gani kafin ya yanke. In ya ƙi, kai ka san abin da za ka iya sa sunanka a kai, ba zan zaɓa maka ba, kuma ɗakinka yana nan. Abin da na sani shi ne akwai tsohuwa a Goronyo da ke jira, kuma ni zan riƙe mata wayar. Shafi na goma sha biyar yadda yake yanzu, ba zan iya kunna shi a gabanta ba.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko ana tsakiyar ɗauka. Ka riƙa cin abinci, innarka ta ce in rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Allah Ya kiyaye ka a fitarka da shigarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ka ji yadda ka ji shi. Allah Ya gafarta wa Baba Saje, Ya jiƙan mai kifin da ba mu san sunansa ba, Ya tsare 'ya'yan mutane da ke tsaye a shingaye, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Usmanu